Takarda Mai Lamba 407

Ranar Alhamis da ƙarfe goma saura kwata na safe na ajiye rahoto mai shafi biyu a kan teburin Shugabar makarantarmu. A layi na uku akwai sunan mutumin da nake shirin aura. Tun ranar Umma ba ta amsa gaisuwata da abin da ya wuce kalma ɗaya ba. Goggo kuwa ta daina kirana da komai sai “waccan”.

Masu tambaya a ƙarƙashin rubutuna ko na yi kuka, ban yi ba. Ga yadda abin ya faru, ku yanke naku hukuncin.

Ga wanda ya shigo yau: shekarata ashirin da bakwai. Na yi shekara uku ina ɗauko wa wata jarida labarin kasuwa, har ranar da ta mutu ta bar mu da katin aiki a wuya. Daga nan na koma koyar da tattalin arziki a wata makarantar kuɗi, aji biyu na ƙaramar sakandare, yara talatin da takwas. Babanmu ya rasu shekara tara ke nan. Abin da ya riƙe gidanmu tun lokacin ɗakuna biyu ne na baya, inda Umma ke ɗinkin labule da zanen gado da keke huɗu, ita da mata uku. Babu allo a ƙofa, babu rajista. Ku riƙe wannan.

Shi kuma jami’i ne a ofishin haraji. Ranar da ya fara zuwa gidanmu ya durƙusa zai gaida Umma, sai wani ɗan hatimi mai jan marfi ya faɗo daga aljihunsa ya gangara ƙarƙashin kujera. Matan ɗinki da ke leƙe ta labule suka sa masa Mai Hatimi, sunan ya zauna. Dogo ne, farar riga kullum da karin guga kamar wuƙa, agogo mai baƙar fata, mota ruwan toka da ba ka ganin ko ɓawon gyaɗa a cikinta. Ba ya ɗaga murya, ba ya makara. Wata takwas yana zuwa, an fara maganar manya su zauna bayan ƙarshen zango. Ina son sa. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba.

A zangon nan manhaja ta kawo mu kan abu uku: kuɗi, haraji, da sassan tattalin arziki.

Darasin kuɗi ya tafi lafiya. Na sa yara suka yi cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda da kayan jakarsu, har aji ya rikice: mai rula yana son biro, mai biro ba ya son rula, mai fensir babu wanda ya kula shi. Sannan na ɗaga takardar kuɗi na ce musu wannan takarda ce kawai, abin da ke riƙe da ita shi ne kowa ya yarda wani zai karɓa. Ranar da yarda ta tafi, ta koma abin ƙunshe gyaɗa. Na rubuta YARDA a allo, na ja mata layi biyu. Ni da hannuna.

Haraji na ce shi ne kason da hukuma ke karɓa don titi da asibiti da makaranta. Wani ana zare shi daga albashi kafin ka gani, wani yana kwance a cikin farashin sabulu.

Sassa kuma uku. Na farko masu ciro arziki daga ƙasa da ruwa: manomi, makiyayi, masunci. Na biyu masu sarrafa shi ya zama kaya. Na uku masu hidima: direba, wanzami, malami irina.

A kujerar gaba akwai wata ’yar shekara goma sha uku da ’yan ajin ke kira Lauya, don ba a rufe magana ba ta buɗe ta ba. Ɗankwali a karkace, tawada a yatsu. Ta ɗaga hannu.

“Malama, mamata tana saƙa rigunan sanyi a cikin gida. Ba wanda ya san da ita sai masu saye. Tana cikin tattalin arziki ko ba ta ciki?”

“Tana ciki. Zare ya shiga, riga ta fito. Sashe na biyu.”

“To me ya sa ba ta cikin littafi?”

Tambayar ta yi mini daɗi, kuma daga nan kuskuren ya fara. Na ce to, mu rubuta namu littafin. Kowa ya je gida ya yi hira da babba ɗaya a kan sana’arsa.

Wani malamin zai ce “ku rubuta sana’ar iyayenku” ya tsaya nan. Ni editanmu ya koya mini cewa labarin da babu lamba a cikinsa gulma ne. Na jera musu tambayoyi a allo: Wane ne? Wace sana’a? A wane layi, gida mai lamba nawa? Tun yaushe? Inji nawa, ma’aikata nawa, cinikin nawa a mako? Na ce duk wanda ya dawo mini da “da yawa” ko “kaɗan” zan zabge masa maki biyar. Don su ga yadda ake yi, na ɗauki wani littafi mai koren bango na rubuta misali da ɗakunan Umma: keke huɗu, mata uku, shekara tara, lambar gidanmu, cinikin mako. Littafin ya zaga aji hannu zuwa hannu.

Ranar Juma’a na karɓi aikin. Na jera littattafan a kwalin sabulu bisa lambar rajistar aji, kamar yadda na saba. Lauya ce ta ƙarshe da ta ari koren littafin, ta dawo mini da shi a cuse cikin nata. Ban raba su ba.

Ana yayyafi aka tashi. Mai Hatimi ya zo ɗaukata, ya karɓi kwalin ya sa a bayan mota. A ƙofar gida Goggo ta tare shi da lema. Goggo yayar Babanmu ce, tana zaune da mu tun rasuwarsa, kuma ita ce shugabar masu son wannan aure.

“Yallaɓai, ka shigo ka sha shayi mana. Wannan ’yar jaridar ba ta iya karɓar baƙo ba, sai tambaya kamar ’yar sanda.”

Ya shigo, ya sha, ya tafi. Sai da na cire takalmi na tuna. Ga saƙonnin, ban goge ko ɗaya ba.

Ni: Littattafan yara suna bayan motarka.

Shi: Kash. Na riga na yi nisa. Litinin da sassafe in sha Allahu.

Ni: A ƙarshen makon nan nake son ba su maki.

Shi: Ki huta, Malamata. Tattalin arziki ba zai rushe a kwana biyu ba.

Ya sa hoton dariya guda uku.

Litinin ƙarfe bakwai ya kawo kwalin har ƙofar aji. Littafi talatin da takwas, a jere tsaf. Koren babu. Na ɗauka wani yaro ne ya zare shi, na yi cigiya sau biyu, na manta.

Mako uku bayan haka, ranar Talata, ina tsakiyar darasi masinja ya ce Shugaba na nemana. Na tarar da ofishinta cike, har baranda. Iyaye goma sha ɗaya, kowa da farar takarda mai jan hatimi a hannu. Fanka na juyawa amma kowa na zufa.

Wata mata siririya mai mayafi ruwan ƙasa, da zaren ulu maƙale a hannun rigarta, ta miƙe tun kafin in gama sallama.

“Ke ce malamar tattalin arziki?”

“Ni ce.”

“Ni ce uwar wadda kuke ce wa Lauya. Karanta.”

Na karanta. Ana sanar da ita cewa tana gudanar da sana’ar saƙa da inji uku a gida mai lamba kaza, shekara huɗu ba rajista. An ƙiyasta cinikinta na mako. Ta biya harajin shekarun da kuɗin tara cikin kwana ashirin da ɗaya, ko a rufe wurin.

“Inji uku,” in ji ta. “Biyu ne ke aiki. Na ukun ya mutu tun bara, kwanuka nake kifewa a kansa. Ita ta ƙirga shi, wai kada ki rage mata maki. Cinikin kuma na makon da aka fi sanyi ne na faɗa mata, don ta ji daɗi. Duk duniya mutum uku suka san wannan lambar: ni, ita, da ke.”

Wani mutum mai ƙaramin tawul a kafaɗa ya matso. “Ni wanzami ne, Malama. Kujera ɗaya, madubi ɗaya. Ga shi an rubuta ina da ma’aikata shida. Ɗana ne ya zuba wannan ƙaryar don kada abokansa su raina shi. Yanzu hukuma na neman harajin mutum shida a wurina. Ki nuna mini su, ko aski ɗaya su taya ni!”

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Uwar Lauya ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. “Karatu na aiko ta ta koya. Ina saƙa har idona ya yi ja don in biya kuɗin wannan makarantar. Ashe ɗan leƙen asiri nake biya a horar mini a cikin ɗaki. Nawa suka ba ki?”

Na juya wurin sauran iyayen. Na roƙi kowa ya ajiye takardarsa a kan tebur, na ɗauki hotonsu. Tsohuwar sana’a ba ta barin mutum: idona ya tafi kan lambobin da ke saman dama. Na jera su. 401, 402, 403, har 412. Na ɗauko rajistar aji na gwada. Takardun sun bi sunayen yaran bi da bi, yadda na jera littattafan a kwali. An tsallake ’ya’yan ma’aikatan albashi da masu rajista, an ɗauki na masu sana’ar cikin gida.

Daga 401 zuwa 412 lamba goma sha biyu ce. Iyayen goma sha ɗaya ne. Takardar uwar Lauya 406. Mai bi mata a kan tebur 408.

Na san littafin da ke cuse cikin na Lauya.

Da iyayen suka fita, Shugaba ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. Mace ce da ba ta son hayaniya, ta fi son takarda.

“Uku sun ce za su cire ’ya’yansu. Na dakatar da ke daga yau. Ina son rahoto a rubuce kafin ƙarfe goma na Alhamis: wa ya taɓa littattafan nan bayan ke. In akwai wani, makaranta za ta kai ƙara ofishinsu da sunansa. In babu, to ke ce, kuma kin san sauran.”

Na isa gida da la’asar. Daga zaure ake jin kekunan Umma, huɗu a tare, kamar ruwan sama a kan kwano. Tana zaune a na bakin taga, awo a wuya, allura biyu a gefen ɗankwali, wani labule ruwan zuma yana zuba daga cinyarta zuwa ƙasa. Na ce ina son magana. Muka koma falo, Goggo ta biyo mu da carbinta. Na faɗa musu komai a jere, da lambobin.

Umma ta juyo gare ni.

“Kika rubuta ni a littafi?”

“Misali ne, Umma.”

“Da lambar gida?”

“E.”

“Shekara tara ina rufe ƙofar nan. Ko maƙwabta ce musu nake taimakon ’yan’uwa muke yi. Ke da na biya wa jami’a da ɗinkin nan, ke kika buɗe.”

“Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa,” in ji Goggo. “Amma ku tsaya. Ni abin da na ji daban ne. Gida goma sha ɗaya ya buga wa hatimi, ya zo kan namu ya ɗaga hannu. In wannan ba so ba ne, mene ne so? Wasu furen roba ake kawo musu.”

“Goggo, littattafan yara ya buɗe.”

“Aikinsa ya yi! Ke ba ke kika ba shi kwalin ba? Ka ajiye nama a gaban kyanwa ka ce amana ce?”

“An dakatar da ni.”

“Aikin da albashinsa bai kai kuɗin labule huɗu ba? Ki auri mutumin ki zauna. Ki rubuta musu ba ki sani ba, ƙila masu shara ne, ƙila aljanu ne. Wata biyu kowa ya manta.”

Na juya wurin Umma. Na ce mu je da kanmu mu yi rajista, a yi mana lissafi, mu roƙi a raba mana biya.

“Na shekara tara da tara?” Ta yi ɗan murmushin da babu daɗi a ciki. “Ko na sayar da kekunan huɗu ba su kai ba. Matan can uku, biyu mazansu sun rasu, ɗaya nata ya gudu. Yara goma sha ɗaya ke ci daga ɗakin nan, ban da ke. Kin iya lissafi, ki yi.”

Ta koma ciki. Kekenta ya tashi, ya fi na kowa ƙara.

Na tura masa saƙo: Ka zo gobe ƙarfe biyar.

Ya amsa: Na san za ki kira. Kada ki damu da komai.

Laraba biyar daidai ya yi sallama. Riga ruwan sararin samaniya, sabon aski, leda cike da lemo da ayaba. Goggo ta shimfiɗa sabon mayafin tebur, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai ga manyan baƙi, ta fesa turare har ina tari. Ta so in sa doguwar rigata mai ɗinkin zinariya a wuya. Na fito da baƙar rigar da nake zuwa aiki da ita, na ajiye wayata a kan tebur da hoton takardun a buɗe.

“Ka buɗe kwalin.”

Bai musa ba. Wannan kam na yaba masa.

“Na buɗe in ga rubutun yaranki ne kawai. Wallahi da farko haka ne. Sai na ga abin da ma’aikatanmu shida suka kasa tattarowa a wata uku. Layi, lambar gida, inji, ciniki. Malamata, ke ba ki san irin aikin da kika yi ba.”

“Yanzu na sani.”

“An ɗora wa kowannenmu sababbin masu biya arba’in kafin ƙarshen wata. Ina da ashirin da tara. Wanda ya cika, shi ake duba wa ƙarin girma. Da me kike so in kama mana gida? Da murmushi?”

“Da yara ’yan shekara goma sha uku ka cika.”

“Na ƙirƙiri sana’ar wani? Suna yi ko ba sa yi? Ni da ke ana zare mana haraji kafin albashi ya shigo hannu. Su suna bin titin, suna zuwa asibitin, ba sa ba da ko sisi. Ba abin da kike koya musu ke nan ba? Faɗa mini layi ɗaya a allonki da na saɓa.”

Akwai layin. Na ja masa layi biyu a ƙasa. Amma ban ga amfanin karanta wa babban mutum darasin aji biyu ba.

“Wanzamin kujera ɗaya gare shi,” na ce. “Ka rubuta masa ma’aikata shida.”

“Sai ya zo ya yi ƙorafi, akwai fom.”

“Ina 407?”

Ya ajiye kofin a hankali, ya dubi ƙofar da ke zuwa ɗakunan baya. Kekunan sun yi shiru, duka huɗun. Na san akwai kunnuwa a bayan labule.

Ya rage murya. “Magatakarda na ba littattafan ya buga takardun a jere, ban lura da koren ba sai da takardarsa ta fito da lambarta. Na zare ta kafin a aika. Tana cikin aljihun teburina, ita da littafin, a kulle. Makulli ɗaya ne, ga shi.” Ya taɓa aljihun rigarsa. “Ba na buga wa surukata hatimi.”

“Ka yaga ta mana.”

“Takarda mai lamba ba a yaga ta. Ana dai iya mantawa da ita.”

“Har yaushe?”

“Muddin ina kan teburin.”

“In kuma ba ta zama surukarka ba?”

Ya dubi agogonsa. “Wannan tambayar ’yan jarida ce. Ni ban zo da wannan ba. Abu ɗaya nake roƙo: gobe ki ce ba ki sani ba. In makaranta ta kai ƙara da sunana, za a ce na samo bayani ta hanyar da ba ta dace ba, ƙarin girman ya tafi. Ki bar musu aikin. Ni zan riƙe ki.”

Goggo ta faɗo falon kamar an turo ta. “Ta ji, Yallaɓai, ta ji! Ƙuruciya ce. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara girma.” Ta raka shi har mota tana yi masa addu’a, ta dawo ta zauna a kaina da biro da takarda. Ta yi ta faɗa ina rubutawa: littattafan sun kwana a makaranta, ban san wanda ya taɓa su ba. Na sa hannu. Ta ninke ta sa mini a jaka da kanta.

Da asuba na rubuta na biyu. Rana, lokaci, kwali, mota, saƙonni, jerin lambobi. Ban ambaci 407 ba, ban kuma yi ƙarya ba.

Alhamis na fita da rahoto biyu a jaka. Umma na tsaye a tsakar gida tana shanya yadi. Na ce na tafi. Ba ta juyo ba, ta ce, “Ki tuna da wanda ya ciyar da ke.”

Har na sauka daga bas ban san wanne zan miƙa ba. Kada ku ɗauke ni jaruma. A bakin ƙofar makaranta na ga Lauya da kayan gida, ba yunifom, ta rungumo littattafanta a leda. Ta zo kwashe kayanta ne. Uwarta na tsaye can gefen titi, ta ba mu baya.

“Ina kwana, Malama.”

“Lafiya lau. Ina za ki?”

“Mama ta ce kuɗin zango mai zuwa shi za a kai ofishin haraji. Wai in zauna in koyi saƙa, tunda na iya ƙirga inji.” Ta gyara ledar a ƙirjinta. “Malama, nawa na ci a aikin?”

“Ashirin bisa ashirin.”

Ta gyaɗa kai, kamar ta san haka.

“To yanzu mamata ta shiga littafi ko?”

Uwarta ta kira ta, ta tafi da gudu.

Na shiga ofishin Shugaba na ajiye na biyun. Ta karanta a gabana, ta tsaya a layi na uku.

“Wannan ba shi ne mai zuwa ɗaukarki ba?”

“Shi ne.”

Ta buga wa takardar hatimin makaranta, ta ce wasiƙar ƙara za ta tafi kafin azahar, tare da roƙon a sake duba takardun goma sha ɗaya. Dakatarwata na nan har hukumar makaranta ta zauna.

A gida na ciro rahoton Goggo daga jaka na ajiye mata a kan tebur. Ta dube shi, ta dube ni, ta ɗora hannu biyu a ka. Abin da ta faɗa ba zai rubutu a nan ba. Umma kuwa ta miƙe. Ta shiga ɗakin baya ta sa aka rufe tagogi, aka rataya bargo a ƙofa don ya shanye ƙarar kekuna. Tun ranar a cikin zafi suke ɗinki, da fitila da rana tsaka. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko mai sayar da ruwa ne, kekunan huɗu sai su tsaya cak.

Babi na gaba a manhaja, wanda wani malami zai koyar a madadina, yana cewa kowane zaɓi farashinsa shi ne abin da ka bari. Misalan da ke littafin na biro da alewa ne.

Juma’a bai kira ba. Asabar da Lahadi ma haka. Na zaci fushi ne, na zaci kuma yana zaune da takardar a gabansa yana juya hatimi a hannu. Na shirya wa wannan, har na tsara abin da zan ce masa.

Yau Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida, ina wanke kofunan gilashin Goggo, saƙonsa ya shigo. Babu gaisuwa, babu Malamata.

Wasiƙarku ta iso. An ɗauke ni daga teburin tun Juma’a har a gama bincike. Sun karɓi hatimin, sun karɓi makullin. Ban samu damar buɗe aljihun ba.

Na karanta sau biyu. Na tambaye shi wa aka ba teburin. Saƙon ya nuna an karanta, ba amsa.

Umma ba ta sani ba tukuna. Daga nan inda nake zaune ina jin kekenta ta bayan bargo. Takarda mai lamba 407 tana cikin aljihun tebur a ofishin haraji, a kan koren littafi mai rubutun hannuna da lambar gidanmu, kuma makullin yana hannun wanda ban san ko wane ne ba.